Yadda Ake Kula da Haƙora, da Abin da Likita Ke Yi Idan Sun Lalace

Babban abin da ke yaudarar mutane game da haƙori shi ne ba ya ciwo sai ɓarna ta yi nisa. Rami zai iya shekara guda yana cin haƙori, mai shi yana tauna abincinsa lafiya lau, bai san ana yi ba. Ranar da zogi ya hana shi barci yake cewa ciwo ya fara, alhali a ranar ɓarnar ta riga ta isa jijiya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2022, ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma kimanin biliyan 2 daga cikinsu suna yawo da ruɓaɓɓen haƙori da ba a yi wa magani ba. Mafi yawan wannan wahala ana iya tare ta da buroshi, da man goge baki mai kyau, da zuwa wurin likita tun ba a ji komai ba.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan tarko. Wani turmina na ƙasa ya yi wata da watanni yana tsira mini duk lokacin da na sha ruwan sanyi, ina shan maganin kashe zafi ina wucewa. Daga baya ya koma yi mini zogi da dare, sai kuma rana ɗaya ya yi tsit. Na ɗauka na warke. Bayan 'yan makonni na tashi da kunci a kumbure, haƙorin ba ya ko taɓuwa. Likita ta duba hoton ta ce mini shirun da na ji ba waraka ba ce, jijiyar ce ta mutu, ƙwayoyin cuta suka bi saiwa suka tara mugunya a ƙashi. Aikin da ciko na minti 30 zai gama sai da ya ci mini zama 3 a kujera.

Ka fara sanin yadda haƙori yake

Babban mutum yana da haƙora 32 idan sun cika, yaro kuma 20. Kowane haƙori hawa uku ne. Akwai farin ɓawon waje, inamel, wanda babu abin da ya kai shi tauri a jikin ɗan Adam, amma ba shi da jijiya, kuma idan ya ɓurme ba ya sake tofowa. A ƙarƙashinsa akwai hawa na biyu mai ɗan ruwan ɗorawa, wanda bai kai na farko ƙarfi ba, cike da 'yan mitsi-mitsin hanyoyi da ke kai saƙon sanyi da zafi ciki. Can tsakiya kuma akwai ɓargon haƙori, inda jijiya da hanyoyin jini suke, suna gangarawa ta cikin saiwa zuwa ƙashin muƙamuƙi. Duk maganin da likita zai yi maka ya danganta ne da hawan da ɓarnar ta kai.

Mutane a sassa da dama na duniya sun daɗe suna cewa tsutsa ce ke cin haƙori. Babu wata tsutsa. Wani likitan haƙori Ba'amurke da ya yi aiki a Balin, Willoughby Miller, shi ya bayyana a 1890 cewa ƙwayoyin cuta na baki ne ke cin sukari su fitar da asid, asid ɗin kuma ya narkar da haƙori. Waɗannan ƙwayoyin suna zaune ne cikin wata dauɗa mai yauƙi da ke manne wa haƙora. Ka kankari gefen haƙorinka da farce da safe kafin ka goge, za ka ga wani abu fari-fari mai laushi. Ita ce. Duk lokacin da sukari ya shiga baki, cikin 'yan mintuna dauɗar nan ta yi tsami, ɓawon haƙori ya fara zubar da ma'adinansa. Yawu ne ke zuwa ya wanke tsamin ya mayar da abin da ya zube, amma yana bukatar kamar rabin awa zuwa awa guda kafin ya gama. Shi ya sa yawan lokutan da ake shan zaƙi ya fi yawan zaƙin kansa illa. Wanda ya shanye kwalbar lemo a zama ɗaya tare da abinci ya fi samun sauƙi a kan wanda ya ajiye ta a gefe yana kurɓa tun safe har yamma, domin na biyun bai ba yawu damar yin gyara ba ko sau ɗaya.

Goge haƙora mataki-mataki

Kusan kowa yana goge baki, amma kaɗan ne ke goge inda dauɗar take. Ga yadda ake yi.

Na farko, zaɓi buroshi mai laushin gashi da ƙaramin kai, wanda zai iya kaiwa turamen can ciki. Buroshi mai tauri ba ya ƙara tsafta, sai dai ya zaizaye wuyan haƙori ya kori dasashi baya. Idan gashin buroshinka yana bajewa cikin 'yan makonni, hannunka ya yi nauyi. A sauya shi duk bayan wata 3, ko da zarar ya baje.

Na biyu, man goge baki ya zama mai sinadarin fuloraid. Duba jikin kwalin, za ka ga lamba tare da haruffan ppm, wato ma'aunin yawan fuloraid ɗin da ke ciki. Babba yana bukatar tsakanin 1,000 zuwa 1,500. Wannan shi ne abin dubawa, ba ƙamshi ko kumfa ko alkawarin farin haƙori ba. Fuloraid yana shiga ɓawon haƙori ya sa shi jure wa asid, har yakan gyara ɓarnar da ba ta kai ga zama rami ba. An gano amfaninsa ne a Amurka, inda aka lura cewa mutanen wasu garuruwa masu yawan sinadarin a ruwan sha suna da tabo a haƙora amma ba sa yawan ruɓewa. A 1945 birnin Grand Rapids na jihar Mishigan ya zama na farko da ya fara zuba shi da awo a ruwan famfo.

Na uku, ɗora gashin buroshin a inda haƙori ya haɗu da dasashi, ka ɗan karkata shi wajen dasashin kamar digiri 45. Nan ne matattarar dauɗa. Ka riƙa motsa shi a hankali, ɗan zagaye-zagaye ko 'yar gajeriyar kai-komo, haƙori biyu zuwa uku a lokaci guda. Kada ka riƙa dirza daga wannan kunci zuwa wancan kamar mai wankin tukunya.

Na huɗu, bi tsari ɗaya kullum don kada ka tsallake wani wuri: gefen haƙoran sama ta wajen kunci da leɓe, cikinsu ta wajen harshe, sai saman turame inda ake tauna, sannan ka sauko ƙasa ka maimaita. Cikin haƙoran gaba na ƙasa shi aka fi mantawa, kuma nan ne dauɗa ta fi saurin daskarewa saboda akwai mafitar yawu a ƙarƙashin harshe. Ka tsayar da buroshin a tsaye ka share su ɗaya bayan ɗaya. Duka aikin minti 2 ne. Ka gwada duba agogo sau ɗaya, za ka ga da wuya ka taɓa cika ko minti guda. Ka ƙarasa da goge saman harshe, domin yawancin warin baki daga nan yake tasowa.

Na biyar, kuma wannan ne mutane ke jin baƙonsa: idan ka gama, ka tofar da kumfar kawai, kada ka kuskure baki da ruwa. Kuskurewa tana wanke fuloraid ɗin da ka shafa yanzun nan. Da farko za ka ji wani iri, bayan mako guda ka saba.

Sau biyu ake yi a rana, kuma na dare kafin kwanciya ya fi muhimmanci, saboda yawu yana raguwa cikin barci, baki ya zama ba mai gadi. Bayan gogewar dare kada a ci komai, kada a sha komai sai ruwa. Idan ka sha abu mai tsami ko ka yi amai, kada ka goge nan take, domin ɓawon ya yi laushi a lokacin. Kuskure da ruwa, ka jira kamar minti 30.

Tsakanin haƙora da maganar dasashi

Buroshi ba ya shiga tsakanin haƙori da haƙori, kuma ramuka da yawa a nan suke farawa a ɓoye. Sau ɗaya a rana ka yi amfani da zaren sakace. Yanki kamar tsawon kamu guda, ka naɗe shi a manyan yatsun tsakiya na hannayenka biyu, ka bar ɗan tsakani. Zura shi a hankali tsakanin haƙora, ka lanƙwasa shi ya rungumi gefen haƙori ɗaya, ka goga sama da ƙasa har ya ɗan shiga ƙarƙashin dasashi, sannan ka rungumi na kusa da shi. Ka sunsuni zaren bayan ka fito da shi daga tsakanin turame. Warin da za ka ji shi zai gamsar da kai fiye da duk wani bayani. Wanda ke da faɗin tsakani, akwai 'yan ƙananan buroshi da aka yi don wannan aiki, sun ma fi zare sauƙin riƙewa. Tsinken sakace yana cire abin da ya maƙale ne kawai, ba ya share dauɗa, kuma yawan cusa shi yana raunata dasashi.

Idan ka ga jini a kumfa lokacin gogewa, kada ka ce bari in ƙyale wurin ya huta. Lafiyayyen dasashi ba ya jini. Jinin alama ce cewa dauɗa ta kwana a wurin har ta sa shi kumburi, kuma maganinsa shi ne a ci gaba da sharewa a hankali, kullum. Galibi cikin mako 1 zuwa 2 jinin yake tsayawa. Idan bai tsaya ba, sai likita. A wannan matakin ciwon dasashi yana warkewa sarai. Idan aka bar shi, sai ya gangara ya fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙori, dasashi ya ja baya, haƙora su yi tsawo, su fara girgiɗi, su zube alhali ba su da rami ko ɗaya. Ƙashin da ya tafi kuwa da wuya ya dawo. Masu ciwon sukari su fi kowa lura, domin cututtukan biyu suna rura wa juna wuta. Mata masu juna biyu ma dasashinsu yakan yi saurin kumbura. Mai shan taba kuma yana cikin haɗari biyu: ciwon ya fi cin sa, sannan taba tana rage zubar jinin da zai faɗakar da shi.

Sukari, da haƙoran yara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu a rana, wato kamar ƙaramin cokali 12 ga babba, kuma idan aka rage zuwa rabin haka ya fi. Dabarar da ta fi sauƙin bi ita ce a haɗa zaƙi da lokacin cin abinci, tsakanin abinci da abinci kuma a sha ruwa.

Yaro yakan fara fitar da haƙori wajen wata 6, su cika 20 wajen shekara 3. Ranar da na farko ya leƙo, ranar ake fara goge shi. Ƙasa da shekara 3 a shafa man kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙaramar ƙwayar wake, kuma babba ya riƙa taya shi har ya kai shekara 7 ko 8, domin hannun yaro bai iya aikin ba. Kada a kwantar da jariri da bulumboti mai zaƙi a baki, haƙoran gaba na sama su ke fara ruɓewa. Ina jin ciwo idan na ji an ce ai haƙoran farko ne, za su zube. Za su zube, amma kafin nan su ke riƙe wa na dindindin gurbi, kuma ruɓewarsu tana hana yaro ci da barci.

Ga wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba. Wajen shekara 6, daidai lokacin da yaro ke fara famfara, wani turmi yana fitowa a bayan na yarinta ba tare da wani ya faɗi ba. Wannan turmin na dindindin ne, ba a sake shi, kuma yana cikin haƙoran da suka fi saurin ruɓewa, ga shi ana ɗaukarsa na yarinta. Likita yana iya shafa masa wani siririn rufi da ke toshe tsagogin samansa. Ba allura, ba huda, 'yan mintuna ne.

Zuwa wurin likita: dubawa da wankin haƙori

Ka je a duba ka ko ba ka jin komai, sau ɗaya ko biyu a shekara, ko yadda likita ya tsara maka. Kafin a taɓa ka, faɗa masa duk cutar da kake da ita da magungunan da kake sha, musamman na tsinka jini, da ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da duk maganin da jikinka ba ya karɓa. Mace mai ciki ta faɗa. Kada ka daina shan wani magani da kanka don za a yi maka aiki. Likita zai duba haƙora da ɗan madubi, ya auna zurfin dasashi, wani lokaci ya ɗauki hoton eksire don ganin tsakanin haƙora da ƙasan saiwa.

Dauɗar da aka bari kwanaki tana haɗuwa da ma'adinan yawu ta daskare kamar dutse. Ka taɓa bayan haƙoranka na gaba na ƙasa da harshe: idan ka ji kaushi, ko ka ji tsakaninsu ya toshe, ita ce. Buroshi ba ya cire ta, sai wankin haƙori. Ana amfani da wani ɗan ƙarfe mai karkarwa da sauri yana fesa ruwa, ya ɓamɓare ta, sannan a goge haƙoran su yi santsi. Akwai masu cewa wankin haƙori yana buɗe tsakanin haƙora ko ya sa su girgiɗi. Abin da ke faruwa shi ne, dutsen ya riga ya kori dasashi da ƙashi ya zauna a gurbinsu, da aka cire shi sai ɓarnar da ya ɓoye ta bayyana. Haƙora sukan ɗan ji sanyi na 'yan kwanaki, sai ya wuce.

Ciko

Idan rami bai kai jijiya ba, ciko ake yi. Alamarsa a wannan mataki: haƙori ya tsira idan sanyi ko zaƙi ya taɓa shi, ya daina da zarar abin ya wuce, ko abinci ya riƙa maƙalewa a wuri ɗaya. Nan ne ya kamata a kama shi.

Ana fara yin allurar kashe zafi a dasashi, galibi lidokain, wanda aka haɗa a Suwidin a 1943. Tsoron wannan allura ke hana mutane da yawa zuwa, alhali tsininta na 'yan daƙiƙu ne. Idan wurin ya mutu, likita zai share ruɓaɓɓen ɓangaren da injin huda, ya wanke, ya busar, ya cike. Kayan cikon iri-iri ne. Akwai mai launin haƙori, wanda ake zubawa hawa-hawa ana haska masa shuɗiyar fitila ya daskare nan take. Akwai amalgam mai launin azurfa, mai ƙarko sosai a turame, wanda kusan rabinsa sinadarin makuri ne, wato zaiba. Ƙasashe suna rage amfani da shi ƙarƙashin yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan taƙaita makuri, musamman don kare muhalli, amma wanda ke da tsohon cikon amalgam mai lafiya ba ya bukatar a tone masa shi. Akwai kuma wani mai sakin fuloraid a hankali, da aka fi yi wa yara.

Da an gama za a ba ka wata 'yar takarda mai launi ka ciza. Idan ka ji cikon ya yi tudu, ka faɗa kafin ka tashi, domin ciko mai tudu yana sa ciwo wajen tauna. Leɓe da harshe za su yi awa 2 zuwa 4 a mace. Kada ka ci abu mai zafi ko ka tauna a lokacin, kuma a sa wa yaro ido don kada ya ciji leɓensa.

Idan ya kai jijiya: wankin saiwa

Zogin da ke zuwa da kansa, ya daɗe bayan sanyi ko zafi ya wuce, ya tsananta idan ka kwanta, yana nuna ɓarna ta shiga ɓargo. Ciko ba zai yi ba kuma. Hanya biyu ta rage: a wanke saiwa a ceci haƙorin, ko a cire shi. Ra'ayina, muddin likita ya ce haƙorin zai cetu, a cece shi. Babu haƙorin da aka ƙera da ya kai wanda aka halicce ka da shi.

Bayan allura, akan sa wata 'yar shimfiɗar roba ta keɓe haƙorin daga yawu. Likita ya huda ta sama, ya cire jijiyar da ta lalace, ya bi hanyoyin cikin saiwa da wasu siraran ƙarafa yana sharewa yana wankewa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Haƙorin gaba galibi hanya ɗaya gare shi, turmi kuwa 3 ko 4, shi ya sa nasa aikin ya fi daɗewa. Idan ciki ya tsabtata sai a toshe hanyoyin da wani irin ɗanko, a rufe. Wani lokaci zama ɗaya ne, wani lokaci 2 ko 3. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ji zogi ya tafi bayan zaman farko, ya ƙi komawa. Cikon wucin gadi ne a kai, zai ɓalle, ƙwayoyin cuta su koma, haƙorin ya tsage. Turmin da aka wanke wa saiwa yakan bukaci hula, wato rufin tangaran ko na ƙarfe da ake ƙera masa daidai shi, don kada ya dare wajen tauna.

Kafin ka samu ganin likita, farasitamol ko ibufurofen bisa ƙa'idar da ke jikin kwali suna rage zafi, sai dai mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ya tambayi ma'aikacin lafiya kafin shan ibufurofen. Kada ka ɗora ƙwayar asfirin ko wani sinadari a kan dasashi, ƙona shi yake yi. Maganin antibayotik kuma ba ya warkar da ciwon haƙori, domin jini ba ya kai shi cikin mataccen ɓargo. Yakan kwantar da kumburi na ɗan lokaci, tushen yana nan.

Cire haƙori da jinyar wurin

Ana cire haƙori idan ya ruɓe har ƙasa, ko ya tsage zuwa saiwa, ko ƙashinsa ya ƙare, ko kuma turmin ƙarshe, wanda ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, ya fito a karkace yana ta da fitina. Da allura, abin da za ka ji dannawa ce da jijjigawa. Idan ka ji zafi na gaske, ɗaga hannu a ƙara maka.

Jinyar duk a kan abu ɗaya take: gudan jinin da ke daskarewa a cikin ramin. Shi ne murfin da ke kare ƙashi har nama ya tofo. Ciji audugar da aka sa maka da ƙarfi na minti 30, ba magana, ba leƙawa. A awa 24 na farko kada ka kuskure baki, kada ka riƙa tofi da ƙarfi, kada ka zuƙi abin sha da tsinken shan lemo, kada ka sa harshe ko yatsa a ramin, kada ka yi aikin ƙarfi. Ci abu mai laushi wanda ba zafi, ka tauna ta ɗaya gefen. Taba kuwa a bar ta kwanaki, ita ce kan gaba wajen ɓata wurin. Washegari ka fara kuskurewa a hankali da ruwan ɗumi kofi guda wanda aka zuba wa rabin ƙaramin cokali na gishiri, bayan kowane abinci, ka ci gaba da goge sauran haƙoran. Idan jini ya dawo, naɗe tsabtatacciyar auduga ko ƙyalle ka sake cizawa. Idan kuwa bayan kwana 2 zuwa 4 zogi ya ƙaru maimakon ya ragu, yana harbawa har kunne, ga wari, to gudan jinin ya fita. Koma wurin likita ya wanke ya sa magani a ramin, sauƙi yakan zo da wuri.

Cike giɓi

Giɓi ba maganar kyan gani ba ce kawai. Haƙoran gefe suna karkatowa cikinsa, na sama ko na ƙasa da ke fuskantarsa ya zazzago, ƙashin wurin ya ƙanƙance. Hanyoyi uku ne. Haƙoran roba da ake sawa a cire: a wanke su kullum, a cire su da dare a jiƙa a ruwa don dasashi ya huta. Gada: a sassaƙe haƙoran gefe biyu a ɗora musu huluna masu riƙe da sabon haƙori a tsakiya. Sai dashe, inda ake kafa ƙusar taitaniyam a ƙashin muƙamuƙi, a jira watanni kamar 3 zuwa 6 ƙashi ya kama ta, sannan a ɗora haƙori. Wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya gano cewa ƙashi yana manne wa wannan ƙarfe, ya yi wa mutum na farko dashe a 1965. Dashe ba ya ruɓewa, amma dasashin da ke kewaye da shi yana kamuwa da cuta idan ba a tsabtace shi.

Gyaran jerin haƙora da waya yakan ɗauki shekara 1 zuwa 2 ko fiye, kuma bayan an cire dole a riƙa sa abin riƙewa, in ba haka ba su koma inda suka fito. Masu son farin haƙori su bi ta hannun likita. Dirza gawayi ko lemon tsami ko wani gari mai kaushi yana cinye farin ɓawon ne, na ƙasa mai ruwan ɗorawa ya ƙara bayyana.

Abubuwan da ba a jira da su

Kumburin fuska ko na ƙarƙashin haɓa tare da zazzaɓi, ko wahalar buɗe baki, ko haɗiya, ko numfashi, ko kumburin da ya doshi ido: a tafi asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne, domin mugunyar haƙori tana iya toshe hanyar iska. Gyambo ko farin tabo ko jan tabo a baki da ya wuce mako 2 zuwa 3 bai warke ba, a kai a duba, musamman ga mai shan taba ko barasa, domin sankarar baki takan fara ba tare da zafi ba.

Idan kuma haƙorin dindindin ya fita ɗungurungum saboda faɗuwa ko duka, ana iya mayar da shi ya kama, amma lokaci ne komai. Ɗauke shi ta farin kansa, kada ka taɓa saiwar, kada ka kankare ta, domin akwai rayayyun ƙwayoyin halitta a jikinta da su ne za su sake haɗa shi da ƙashi. Idan ya yi datti, ɗauraye shi na 'yan daƙiƙu da madara ko ruwan gishiri na asibiti. Mayar da shi gurbinsa ta fuskar da yake a da, mai shi ya ciji tsabtataccen ƙyalle ya riƙe shi. Idan hakan bai yiwu ba, saka shi a kofin madara, ko a yawun mai shi cikin ɗan mazubi, kada a naɗe shi a takarda ya bushe, kada a jiƙa shi a ruwan famfo. A isa wurin likita cikin minti 30 zuwa awa guda. Haƙorin yarinta kuwa ba a mayar da shi, don kada a raunata na dindindin da ke ƙasa yana jiran fitowa, amma duk da haka a kai yaron a duba wurin.